Shekarar da Gwangwanin Baba Ya Yi Ƙarya

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kafin magariba kuwa na gane cewa rashin da nake tsammanin namu ne, mu 'yan gida, ashe da masu shi. An kafa rumfar makoki ta tamfol a ƙofar gida, ta cika, aka ƙara tabarmi har bakin hanya. Ni ina ciki wajen mata, amma dangar gidanmu ta kara ce, duk abin da aka faɗa a waje sai ya shigo kunnena ko ina so ko ba na so.

Wani direban tarakta ya taso tun daga Fashaga, ko jallabiyarsa bai sauya ba, duk baƙin mai. Ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya yi wa ƙannena gaisuwar rashi irin ta garinmu, "Albaraka fikum," sannan ya zauna ya rufe fuska da rawani yana ta kuka. Wani ma'aikacin asibiti ya zo daga Shuwak. Mai sayar da albasa a kasuwar Gadarif ya rufe rumfarsa kwana uku. Dukkansu a hannun Baba suka yi firamare, kuma dukkansu bakinsu ɗaya: "Ustaz ubana ne." Na fara ƙirga masu faɗin haka, don ƙirge a jinin gidanmu yake, na kai mutum goma sha ɗaya na daina. Ni da ya haifa, 'yarsa ta fari, ina tsugune bakin randa ina wanke kofunan da 'ya'yan nan nasa suka sha shayi.

Wata tsohuwa, uwar ɗaya daga cikinsu, ta riƙe hannuna da jiƙaƙƙen kofi a ciki ta ce, "Ke kam kin more, 'yata. Namu rabin yini suke samunsa, ke kuwa a gida ɗaya kuke kwana ku tashi." Na ce mata alhamdulillahi, na zare hannuna.

Na san ba kyau. Mutum ya mutu, jama'a sun cika ƙofarsa suna yabonsa, 'yarsa kuma tana jin haushinsu. Inna ta lura da fuskata daga kan tabarmar takabarta ta ce, "Ke dai ba ki sake hali ba." Ban sake ba kuwa. Kishi nake yi, irin wanda nake yi tun ina shekara goma, kuma tunda na zauna rubuta ta'aziyyar mahaifina ba zan fara da ɓoye shi ba.

A kwana na biyu hawaye ya ɗan tsagaita, hira ta shigo. Wani ya ce, "Kun tuna shekarar da gwangwanin Ustaz ya yi ƙarya?" Rumfa ta ɗauki dariya, irin ta makoki, wadda ake yi ana istigfari. Kowa da nasa ƙarin gishirin. Ɗan Gwaggona, wanda yanzu shi ne shugaban makarantar da Baba ya koyar, yana zaune a sahun masu karɓar gaisuwa, sahun da ni ba ni da wuri a cikinsa. Na ji muryarsa ya ce, "Ya jama'a, halas, ya isa haka, ku bar maganar nan. Gwangwani bai yi ƙarya ba." Bai ƙara komai ba, don ya rufa mini asiri. Ni kuwa na gaji da rufin, shi ya sa nake wannan rubutu.

Baba malamin kimiyya ne a firamaren maza ta unguwarmu, shi ne kuma malamin wasanni, don sauran malamai babu mai son tsayuwa a rana. Unguwar ta Hausawa ce, yawancin iyaye leburori ne a manyan gonakin inji da ake kira mashru'u, sai masu ƙananan sana'o'i a kasuwa. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da filin kirki. Abin da take da shi Baba ne da aljihunsa, aljihun da Inna ta gaji da ɗinkewa saboda ƙusoshi, da maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar rediyo, da gilashin tabaran kakanmu.

Da gilashin nan yake tara rana a kan busasshiyar ciyawa har ta yi hayaƙi, yara su ja da baya suna a'uziyya, shi kuma ya miƙa wa wanda ya fi kowa tsoro ya ce ya yi da hannunsa. Ya taɓa huda gindin tsohuwar randa ya jera tsakuwa da yashi da gawayi, aka zuba ruwan hafiri, wato tafkin da ake tara ruwan damina, duk laka, ya ɗigo a ƙasa fari tas. Yara suka yi ca za su sha, ya hana sai an tafasa, ya ce ba duk abin da ke cikin ruwa ido ke gani ba. Bai yarda yaro ya haddace abin da bai taɓa da hannunsa ba.

Maganarsa guda ce, duk wanda ya zauna a ajinsa ya san ta: "Kada ka ce mini da yawa. Ka ce mini nawa." Idan yaro ya ce jiya an yi ruwa da yawa, sai ya ce nawa. Idan Inna ta ce baƙi da yawa za su zo suna, sai ya ce nawa, ita kuma ta ce ya ɗauki rularsa ya je ya tsaya a ƙofa.

Wasa ma bai bar shi a wasa kawai ba. Ranar Alhamis bayan darasi na huɗu yake fitar da su fili, usur a wuya, jallabiya a naɗe a ƙugu. Kafin gudu kowa ya dafa wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini, bayan gudu a sake ƙirgawa, a rubuta a ƙasa da tsinke, sannan a zauna a yi gardamar abin da ya sa adadin ya ƙaru. Dogon tsalle da igiya mai ƙulli-ƙulli ake auna shi, yaran ne suka ƙulla ta da kansu. Turakun gola biyu da ya kafa su ne agogonsu, sun san inda inuwa ke kaiwa idan lokacin tashi ya yi. Ƙwallon kuwa tsofaffin safa ne da tsumma, a cusa a ɗinke. Ni nake ɗinkewa. Allah kaɗai Ya san ƙwallo nawa na ɗinka wa makarantar nan, ban taɓa buga ko ɗaya a filinta ba.

Da kaka, lokacin yankan riɗi, aji kan koma rabi, don riɗi ba ya jira, idan ya bushe a tsaye zubewa yake yi, kowane hannu ana bukatarsa. Baba ba ya yi wa iyaye wa'azi. Sai ya hau kekensa ya bi su gida-gida, ya tsuguna ya gaisa, ya ce, "Ya hajji, ba karatu na zo nema ba. Ranar Alhamis muna da wasa da makarantar ƙetaren kasuwa, kuma ba mu da mai tsaron gida kamar yaronka. Ka ara mini shi yini ɗaya." Uba ya ji an yabi ɗansa, sai ya sake shi. Yaro ya zo don ƙwallo, Baba ya zaunar da shi darasi huɗu tukuna. Direban taraktan da ya yi kuka a ƙofarmu da haka ya gama firamare, daga wannan Alhamis zuwa waccan.

Wannan shi ne mutumin waje. Na cikin gida ba ya sakewa da ni. Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uba yana jin kunyar ɗan fari: ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Kowa ya ce mini ai kunya ce, ai ƙauna ce a ɓoye. To, na ji. Amma mutumin da ya yi musu da liman a kan husufin wata, har ya ɗauki lemo da fitila ya je zauren liman ya nuna masa, wannan al'adar ɗaya ce ya ga dama ya riƙe gam. Makarantarmu ta mata kuma tana can ƙetaren kwari, abin da ake ba mu a hannu allura ce da zare. Kimiyya a allo take, a kwafa a haddace. Abin da na sani na gaske ta tsagar dangar madafa na koye shi, ina leƙen Baba yana gwada darasin gobe a tsakar gida.

Ina shekara goma Gwaggo ta aiko da ɗanta daga Basunda ya zauna wurinmu ya yi makaranta. Sa'ana ne, taubashina, siririn yaro mai manyan kunnuwa, ba ya iya cin tuwo bai ɓata riga ba. Shi babu kunya tsakaninsa da Baba. Ranar da ya zo Baba ya dafa kansa, ya zaunar da shi a tabarmarsa, ya juye masa aljihu gaba ɗaya yana faɗa masa amfanin kowane abu. Da safe su fita tare, shi a bayan keke rungume da akwatin kayan gwaji. Da yamma su dawo suna gardama a kan abin da ya sa tururuwa ke bin layi.

Ba zan zalunce shi ba, yaron kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana da gudu, har Baba ya sa shi na ƙarshe a tseren miƙa sanda, wurin da ake ajiye wanda aka fi yarda da shi. Wata rana aka aike mu hafiri ɗebo ruwa, na ce mu yi tsere zuwa gindin aduwa. Na riga shi da nisa, da zane a jikina. Da muka dawo shi da bakinsa ya ba da labari: "Kawu, wallahi 'yar nan ta fi ni gudu." Na laɓe bayan ɗaki ina jiran abin da Baba zai ce. Ya ce, "To sai ka ƙara ɗaga gwiwa." Daga nan hirar ta koma gyaran gudun ɗan Gwaggo, har ya tashi ya nuna masa yadda ake jefa ƙafa.

Noman Gadarif noman ruwan sama ne, ƙasar kuma baƙar laka ce mai darewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Ruwan fari ba ya isarta. Sai ta sha ta ƙoshi, tsagun sun rufe har can ƙasa, sannan ake shuka. Wanda ya yi gaggawa irinsa ya tsiro ya ƙone. Mu masu ƙananan gonaki a bayan unguwa kuma da taraktar wani muke dogara, mai jan diski, injin da ke kaftu yana zuba iri lokaci guda. Takan yi 'yan makonni a gari a farkon damina, kowa ya zaɓi ranarsa, sau ɗaya tak, daga nan ta wuce manyan gonakin Fashaga sai baɗi. Don haka zaɓen ranar ba ƙaramar shawara ba ce.

A gidanmu Baffa ne mai wannan shawarar, yayan Baba, wanda ya tsufa yana leburanci a mashru'u. Shi awonsa hannu ne: ya haƙa rami, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo laka ya murza. Baba kuwa ya raba wa 'yan aji shida gwangwanaye, kowa ya kafa a gidansu a fili, duk safiyar da aka kwana da ruwa a tsoma rula, a rubuta, a zubar. Yana tara lissafin a allo, ya ja jan layi a adadin da ya ce idan an kai shi ƙasa ta ƙoshi. Shekara biyu gwangwani da hannun Baffa suna faɗin abu ɗaya. A ta uku ya sa wani maƙeri a kasuwa ya yi masa gwangwani na musamman mai miƙaƙƙen baki, ya kafa shi kan turke a tsakar gidanmu, taku bakwai daga ƙofar ɗakinmu ni da Inna, ya damƙa wa ɗan Gwaggo shi da littafin rubutawa.

Ni ma na kafa nawa, gwangwanin tumatir a bayan madafa, ba tare da na gaya wa kowa ba. Kwana biyu ya yi Inna ta ɗauke shi tana awon gishiri.

Ni ce mai sharar tsakar gida da sassafe, lokacin da maza ba su dawo daga masallaci ba. Kullum sai na zagaye turken nan da tsintsiya, don an ce kada in taɓa. Wata safiya bayan ruwa na tsaya a kansa na daɗe. Abin da na ƙulla mai sauƙi ne: idan lissafin ɗan Gwaggo ya saɓa da na sauran yara, Baba zai ce bai iya ba, ya karɓe. Na ɗauko rular Baba daga taga, na auna abin da ke ciki, na ƙara ruwan randa da kofin shayi, na sake aunawa don in san abin da na ƙara. Safiya huɗu na yi haka cikin kwana goma sha biyu, sai ranar da aka yi ruwa, don kada a gane.

Lissafin ya saɓa kuwa. Gwangwanaye goma sha tara suna ƙasa, na gidanmu ya haye jan layi. Ina tankaɗe a bakin madafa ina jiran faɗa ya tashi, sai na ji Baba yana ce wa Inna, "Yaran nan wasa suke yi. Wani akuya ta ture nasa, wani a ƙarƙashin bishiya ya kafa. Na wannan yaron kaɗai na yarda da shi." Ya ƙaryata yara goma sha tara saboda mutum ɗaya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba na tsoron abin da zai biyo baya ba ne, don ko tunaninsa ban yi ba. Zurfin yardar da ya yi wa ɗan wani ne na gani.

Washegari Baffa ya shigo da laka a hannunsa, ana shirin cin abincin rana.

"Ustaz," ya ce, haka yake kiran ƙanensa idan yana son ya ba shi haushi, "na ji ka kira tarakta jibi. Ƙasa ba ta sha ba. Taƙi ɗaya ne jiƙaƙƙe, ƙarƙashinsa gari."

"Yaya, a ina ka haƙa? Rami ɗaya a tudu ba shi ne gona ba."

"Rami uku na haƙa."

"Ni kuma tun ruwan fari nake aunawa. 'Ba ta sha ba' nawa ne? Ka faɗa mini nawa."

"Ya zol, kai mutumin nan, ni ban san nawa ba. Dawa na sani."

Suka yi ta yi har Inna ta kwashe tuwon ba wanda ya taɓa. Ƙarshe Baffa ya goge hannunsa a jikin turken ya ce, "Kwayyis, shi ke nan. Gonar ubanmu ce, rabi naka ne. Ka shuka rabinka da gwangwani, ni zan jira." Gida uku na maƙwabta suka bi Baba, don sun ga Ustaz ne.

Ina wurin, ni nake riƙe da butar wanke hannu. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Sau biyu na buɗe baki, sai in tuna cewa idan na faɗa ɗan Gwaggo zai fita fes, ni kuma a san ko ni wace ce, sai in rufe.

Dawa ta tsiro kore shar, har Baba ya kai 'yan ajinsa suka auna tsawonta. Sai sama ta ɗauke kusan mako biyu. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, ya kwanta. Baffa ya shuka nasa bayan ruwa ya dawo, a kwanakin ƙarshe kafin tarakta ta tafi. Baba da maƙwabtan uku sun riga sun ci rabonsu, sai da sulluka suka maimaita, sandar shukar nan da ake takawa da ƙafa, rami ɗaya-ɗaya, da irin da Baffa ya ba su ba tare da gori ba. Shukar ta makara, abin da aka girbe bai kai rabi ba. A gida ɗaya cikin ukun manyan yara biyu suka bar makaranta suka bi yankan riɗi zuwa Fashaga. Ɗaya bai ƙara dawowa aji ba, duk da Baba ya yi ta sintiri da kekensa. Wannan ma a wuyana yake.

Baba ya bi gidajen uku ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. A kasuwa ana hango shi sai wani ya ɗaga gwangwanin madara ya tambaye shi ko gobe za a yi ruwa. Ya shanye. Amma a gida ya zaunar da ɗan Gwaggo ya ce ya nuna masa yadda yake tsoma rula. Don tsoro yaron ya tsoma ta a karkace. Baba ya ce, "Ga shi nan." Ya karɓe littafin, ya kuma cire shi daga tseren miƙa sanda na ranar wasannin makarantu, ya ce wanda ba a yarda da idonsa ba ba za a ba shi sandar ƙarshe ba. Ɗan Gwaggo ya rantse, ya sake rantsewa, cewa abin da ya gani ya rubuta.

Ranar wasannin aka kawo mu 'yan makarantar mata kallo, aka jera mu bayan igiya. Ɗan Gwaggo yana gefen fili, riƙe da rigunan masu gudu. Makarantar Baba tana gaba har miƙa ta uku, yaron da aka sa a madadinsa ya karɓi sanda ya waiwaya, aka wuce shi. Na ga Baba ya cire usur daga bakinsa ya dubi wajen masu riƙe riguna, sannan ya kau da kai.

Na samu abin da na nema, sai dai bai zo da abin da nake so ba. Gwangwanin ya koma hannun ɗan mai gyaran keke. Ni na ci gaba da zagaye turke da tsintsiya. Baba kuwa tunda ya hukunta ɗan Gwaggo ya rasa sukuni. Ya riƙa tsayawa a kansa yana koya masa awo daga farko, ya saya masa sabuwar rula ta ƙarfe, kafin shekara ta zagayo sun fi da shaƙuwa.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, na zama tela a ɗakina, mata suna cewa ɗinkina ba ya bukatar gyara. Ɗan Gwaggo ya zama malami, ya gaji usur ɗin, ya gaji makarantar. Muna wasan taubasai kamar kowa, ya ce mini mai baƙin hali, in ce masa mai kunnen faifai, jama'a su yi dariya, ni kaɗai na san nawa ba duka ne wasa ba. Baba bai daina awon ruwa da 'yan ajinsa ba har ya yi ritaya, amma bai sake ba kowa shawarar shuka ba. Idan an tambaye shi sai ya ce, "Ku tambayi masu hannu." Na ga yadda abin ya rage masa karsashi. Shekara arba'in ina gani, ina aika masa da abinci ranar Juma'a, ina zuwa gaisuwa ina dawowa da bakina a rufe.

Kafin in faɗi na ƙarshe, bari in yi abin da ake zaman makoki dominsa. Allah Ka ji ƙan Baba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya ɗauko daga gonar riɗi ya zaunar a aji. Ka ba Inna haƙuri. 'Ya'yansa na cikin rumfa, waɗanda na ƙirga da waɗanda ban ƙirga ba, su ma Ka ba su haƙuri. Wannan addu'ar da ƙyar ta fito, amma da gaske na yi ta.

Kwana tara kafin rasuwarsa ina zaune gefen gadonsa da la'asar ina ba shi kunu. Hadari ya haɗo ta gabas, ya juya kai yana kallonsa ta ƙofa, sai ya ce, ba da ni yake ba, "Har yau ban gane shekarar nan ba. Yaron ba mai ganganci ba ne." Yana kwance ko cokali ba ya iya ɗagawa, abin da ke ransa ke nan.

Na ajiye kwanon na ce, "Baba, ni ce. Ni na riƙa ƙara ruwa a gwangwanin."

Na shirya wa zagi, har bakin uba ma na shirya masa. Gaskiya ina ɗan so ya yi fushi, don fushin zai zama nawa ni kaɗai. Ya dube ni ya ce, "Nawa?"

Na faɗa masa: safiya huɗu, da abin da na ƙara kowace safiya, don ban manta ko ɗaya ba. Ya rufe ido leɓunansa na motsi, yana ɗebewa daga lissafin da shi ma bai manta ba. Sai fuskarsa ta washe.

"Ya yi daidai da na sauran yara," ya ce. "Ashe yaron bai yi kuskure ba. Gwangwanin ma bai yi ba. Aika a kira mini shi."

Aka kira shi. Ya zo da alli a hannun riga, ya shiga, ni na zauna a ƙofar ɗakin ina dafa shayi. Na ji Baba yana neman gafararsa. Na ji ɗan Gwaggo, da furfurarsa, yana kuka yana cewa, "Ma'alesh, Kawu, ya wuce." Sun fi awa ɗaya, har da dariya daga baya. Da ya fito ya tsaya a kaina, na kasa ɗaga ido. Ya ce, "'Yar Kawu, ashe tun can kin iya awo." Ya karɓi shayin ya sha a tsaye, ya ce in gaida yara, ya tafi. Ko a yafiyar ma sai da ya fi ni, kuma na ji haushin hakan.

Na koma ciki in ɗauki kwano. Baba ya ce, "Tsaya. Da wace rula kika auna?"

"Da taka."

"Wa ya koya miki?"

"Babu kowa. Gani nake yi."

Ya dube ni. Can ya ce, "Ai da kin tambaye ni gwangwani, da na ba ki."

Tun da nake ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na ce, "Baba, shi ya tambaya?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, har na ɗauka barci ne ya kwashe shi. Na ɗauki kwanon, na kai bakin ƙofa, sai na ji shi a hankali.

"A'a," ya ce. "Bai tambaya ba."